Idan marasa lafiya suna yawan dawowa gado, laifin asibiti ne ko na talauci?

Ɗalibar_lafiya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ma'aikatan lafiya ku raba mana gardama ni da wata ƙawata. A ce asibitoci biyu ne, ɗaya masu hali ke zuwa, ɗayan kuma yawanci talakawa, sai aka duba lissafi aka ga a na talakawan an fi mutuwa kuma waɗanda aka sallama sun fi saurin dawowa gado. Ita ta ce wannan kaɗai ya isa hujja aikinsu ba kyau. Ni kuma na ce anya kuwa? Wanda ya koma gidan da ba abinci ba mai jinyarsa ai ba likita ne ya dawo da shi ba. To wai ya ake gane inda laifin asibiti ya tsaya da inda na halin rayuwa ya fara?

Nas_mai_aikin_dare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗauki mai ciwon suga kawai. An kwantar da shi, suga ta daidaita, an wanke ciwon ƙafar, ranar sallama aka ce ga insulin a ajiye a firij, ka ci abinci kan lokaci, ka dawo ranar kaza a duba ƙafar. Yana ta gyaɗa kai yana "to, to". Ba wanda ya tambaye shi ko akwai firij ɗin, ko akwai wutar ma. Kuma shi ya riga ya gane da jikinsa cewa in ya yi allura bai ci komai ba sai ya kama karkarwa da gumi kamar zai suma, dan haka ranar da ba abinci sai ya tsallake allurar, kuma wlh a wannan halin dabara ce ba wauta ba. Ranar dawowa kuma ranar aikinsa ce ta tafi ga kuɗin mota zuwa da komawa, sai ya ce bari sai wani satin, kafin wani satin ƙafa ta ruɓe. In ya dawo me muke rubutawa a katinsa? "Ba ya bin umarnin likita." Shikenan an rufe magana.

Haka mai tarin fuka, magani na wata 6 ne amma cikin 'yan makonni yake jin sauƙi, in zuwa karɓar maganin yana cin masa aiki zai daina. Ga kuma wanda aka miƙa wa takardar bayani bai iya karatu ba, kunya ta hana shi faɗa.

Malam_Ƙididdiga:
Abin da sista ta faɗa an daɗe da auna shi. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnatin Ingila a Landan, maza kusan dubu 18, binciken da ake kira Whitehall. Duk suna da albashi, duk suna ƙarƙashin tsarin lafiya na kyauta da ƙasar ta kafa tun 1948, amma bayan shekara 10 aka ga na ƙasan ƙasa, masinjoji da masu tsaron ƙofa, mutuwarsu ta ninka ta manyan shugabanni kusan sau 3. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba gida biyu aka rabu ba, hawa-hawa ne, kowane mataki ya fi na samansa mutuwa. Da aka lissafa shan sigari da hawan jini da kitsen jini, ba su kai ga bayyana rabin bambancin ba. Michael Marmot da ya yi suna da wannan aiki shi ya jagoranci kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fitar da rahoto a 2008, a ciki suka kawo misalin birnin Glasgow na Scotland, unguwar Calton namiji ana sa ran ya yi shekara 54, a Lenzie da ke 'yan kilomitoci daga nan 82. Dan haka eh, asibiti yana gadon abin da aka shuka tun kafin mutum ya shigo ƙofa.

Kawu_Ba_Rufa_Rufa:
Ni fa ina tare da ƙawar taki, kuyi haƙuri. Kar a maida talauci bargon rufe asirin ma'aikata. Kowa ya san yadda ake yi wa mai tsadadden kaya bayani a tsanake har a tambaye shi ko yana da tambaya, shi kuma wancan a daka masa tsawa a rubuta magani ko kallon fuskarsa ba a yi ba. Kuma asibitocin da talakawa ke zuwa su ne dai masu ƙarancin likitoci da dogon layi da na'urar da ta lalace. Wani likita a Birtaniya, Julian Tudor Hart, tun 1971 ya rubuta cewa inda aka fi buƙatar kulawa mai kyau nan aka fi rasa ta. Kenan talaka duka biyu yake sha, gida ya kwantar da shi asibiti kuma ya ba shi ragowar kulawa. In kuka ce a yi wa asibitin rangwame saboda marasa lafiyarsa talakawa ne, ai kun ce mutuwar talaka ba abin tada hankali ba ce kenan.

Malam_Ƙididdiga:
Kawu maganarka na kan hanya, kuma ita ce ainihin rigimar da aka yi a Amurka. A 2012 shirin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ya fara yanke wa asibiti kuɗi in marasa lafiyarsa suna yawan dawowa gado cikin kwana 30 da sallama, da farko kan bugun zuciya da gazawar zuciya da ciwon huhu, yankan kuma ya kai har kashi 3 cikin 100. Sai aka ga asibitocin da ke ɗauke da talakawa su aka fi yanka, wato an ƙwace kuɗi daga wurin da ya fi buƙatarsa. Wasu suka ce a saka talauci cikin lissafin, wasu suka yi irin maganar Kawu cewa hakan zai ɓoye mugun aiki. A 2016 majalisarsu ta yi doka, daga 2019 aka raba asibitoci gida 5 bisa yawan talakawan da suke dubawa, kowa a gwada shi da sa'anninsa. Bai kashe gardamar ba amma ya rage zaluncin.

A ganina abu biyu ake cakuɗawa. Akwai abin da ke hannun asibiti ɗari bisa ɗari, an wanke hannu? an ba da maganin da ya dace kan lokaci? an auna jini? an yi bayani da yaren da mutum yake ji? A nan ba rangwame ko na sisi, talaka da mai kuɗi ma'auni ɗaya. Akwai kuma abin da ke faruwa bayan mutum ya koma gida, a nan ne dole a duba su waye marasa lafiyar kafin a hukunta. Kuma ko an yi la'akari da hakan wajen biyan kuɗi, a fitar da alƙaluman a fili, ga sakamakon talakawa ga na masu hali a cikin asibiti ɗaya, saboda in a gini ɗaya da likitoci ɗaya aka samu rata babba a abubuwan rukunin farko, to ba gida ba ne ya jawo.

Ɗalibar_lafiya:
Nagode sosai Malam, na gane. Amma Anti nas, shi dawowa gadon ba abin da ku za ku iya yi a kai ne gaba ɗaya?

Nas_mai_aikin_dare:
Akwai mana, shi ya sa ban wanke mu tas ba. Ba za mu siya wa mutum gida ba amma tambaya kyauta ce. Wa zai kula da kai in ka koma, kana iya siyan maganin nan duka, ya za ka dawo. In ya ce ba zai iya ba sai a koma wurin likita a nemi mai sauƙin kuɗi ko wanda ake sha sau ɗaya a rana, a haɗa masa ganin likita da gwaji a rana ɗaya maimakon zuwa biyu, a kira ɗan'uwansa a yi bayanin a gabansa. Ni kuma ba na yarda da "to", sai na ce maimaita min yadda za ka sha, a nan kike gane wanda bai fahimci komai ba. Matsalar dai lokaci, in ke kaɗai ce a ɗaki cike da gadaje ga wani yana jiran gadon da za a sallama, tambayoyin nan su ake fara tsallakewa.