Kalmar da kuka gina shafi a kanta, me ta jawo muku?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da fara dillanci a intanet, ina rubutu a kan iyafis, ina saka mahaɗar da za a ba ni kamasho in an saya. Na gina shafukana a kan kalmomin da Keyword Planner (manhajar Google mai nuna yawan masu neman kowace kalma) ya nuna an fi nema, irin su "iyafis mafi kyau". Mutane suna shigowa, amma ciniki ɗaya tak na yi. Ƙa'idar Amazon ita ce sabon dillali ya kawo ciniki uku cikin kwana 180, ga shi lokaci yana ƙure mini. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka ya faɗi yadda ya fita.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Inda kake tsaye na tsaya shekara guda cur. Mai rubuta "mafi kyau" yawanci zagayen kasuwa yake, bai ma san abin da yake so ba. Wanda ya rubuta sunan kaya biyu ya ce "wanne ya fi", wannan kuɗinsa na hannu, shawara ɗaya ta rage masa. Ka kuma tuna cewa a Amazon awa 24 ce kake da ita daga lokacin da mutum ya latsa mahaɗarka. In bai saya ba, bai kuma jefa kayan a kwando ba, la'adarka ta wuce. Mai zagaye sai bayan mako biyu zai yanke shawara, ta hannun wani dillalin.

Abin da ya canza mini harka Search Console ne, wato manhajar Google mai nuna kalmomin da mutane suka nema har suka iso shafinka. A nan na ga wasu sun iso shafina da tambayar ko batirin wani agogon hannu yana kai mako. Masu wannan tambaya ba su da yawa. Na ɗaura agogon, na ƙirga kwanakin, na rubuta cewa bai kai abin da aka buga a kwali ba matuƙar an bar GPS a kunne. Har yau wannan ɗan shafin ya fi manyan kawo mini ciniki, kuma aibin kayan na faɗa a ciki.

Uwar biyu: Ni nawa labarin har yanzu yana ci mini rai. Wani ya koya mini dabarar haɗa sunan kaya da kalmar "damfara ce?", saboda masu shakka su ne ke nemanta. Na yi haka da wani kwas na koyon sana'a wanda ban taɓa buɗewa ba. Kanun yana tambaya ko damfara ce, cikin rubutun kuwa yabo ne daga sama har ƙasa, sai mahaɗa. An saya sosai a makon farko. Daga nan aka fara neman a mayar da kuɗi, kamashon yana zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba asarar ce ta dame ni ba. Wata baiwar Allah ce ta aiko mini da saƙo, ta ce tsoro ne ya kawo ta wurina, ta ɗauka na gwada, shi ya sa ta saki jiki. Mai rubuta wannan kalma amana ya zo nema, ni kuma na ci. A daren na sauke shafin. Ƙanena, kada ka taɓa wannan kalma sai kayan ya bi ta hannunka.

Mai gyaran kwamfuta: Malam Tsohon hannu, ban yarda a yar da "mafi kyau" gaba ɗaya ba. A ƙara mata wutsiya ne kawai. Nawa "kwamfuta mafi kyau ga mai zanen gini" ne, kuma yana aiki, domin na san wanda nake yi wa magana. Tun Afrilun 2021 Google ya fito da sabuntawa ta musamman a yadda yake jera shafukan sharhin kayayyaki a sakamakon bincike, yana fifita wanda ya nuna zurfin sani a kan wanda ya kwafo bayanin kamfani. Hotunan da na ɗauka da hannuna nake sawa, ko da ba su yi kyan na talla ba.

Uwar biyu: Sai batun bayyana wa mai karatu cewa kana samun kamasho. Hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta wajabta shi, ta kuma sabunta ƙa'idojinta a 2023, Amazon ma sharaɗi ne a wurinsu. Da can a ƙasan shafi nake ɓoye shi. Da na dawo da shi sama, kafin mahaɗar farko, ban ga ciniki ya ragu ba. Kalmar "rangwame" kuwa na daina binta, don lambar rangwamen da ta mutu tana sa mutum ya bar shafinka da haushi.

Sabon shiga: Allah ya saka da alheri, Yaya da Malam. Na duba Search Console yanzu, akwai masu tambayar ko wani iyafis yana faɗuwa daga kunne in ana gudu. Ina da shi a gida. Gobe da safe zan sa shi in fita, in rubuta abin da na gani.