Abin da maharba suka ce kan bindigar shiga daji mai nisa

Daren Asabar a majalisarmu ta Tudun Wada, Zariya, wani matashi ya tambaya wace bindigar farauta ce ke jure wahalar daji. Dattawa uku suka amsa, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan mai baki ɗaya ko biyu wadda ake karyawa a saka harsashi. Ƙarafan cikinta kaɗan ne, da wuya ta ci amanarka nesa da gari. Mai ɗura wa kanta harsashi kuwa, ƙurar hunturu kan toshe ta.

Wajen faɗin bakin bindiga, sun fi son lamba 12, don harsashinta ya fi samuwa.

Inda suka daɗe shi ne tsatsa. Wani baba ya ce, "Yaro, karya ta ka leƙa bakin a hasken rana. In ka ga ramuka, ajiye." Ya ƙara da a girgiza ta a rufe, in mahaɗin yana motsi ko ƙota ta tsage, ta gaji. Ni ma damina ɗaya na bar tawa cikin jikakken buhu, sai da na yi nadama.

Lasisin 'yan sanda wajibi ne, kuma an hana farauta a gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari.