Neman shawara: me za mu canza a keken guragu don ya iya shiga dusar ƙanƙara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Muna zaune a Winifeg, lardin Manitoba na Kanada, kuma wannan ne hunturun ƙanina na farko a nan. Shekarunsa 19, rauni ya samu a laka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, amma hannayensa da ƙarfi, shi yake tura kansa. Kekensa ba irin na naɗewa ba ne, tayoyin baya inci 24 masu sulɓi, na gaba 'yan ƙanana. Tun da dusa ta sauka, ko bakin titi ba ya kaiwa sai keken ya cije. Burinsa ya je The Forks, mahaɗar kogin Red da na Assiniboine, ya bi hanyar da ake sharewa a kan kogin idan ya daskare. Babanmu ma, da yake dogara sandunan hannu, yana son ya raka mu. Don Allah a ba mu shawara.

Malam Mai Gyaran Keke: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki fara da gaba, nan matsalar take. Ƙaramar taya ba ta hawa kan dusa, nitsewa take yi, sai keken ya tsaya cak, jikin mutum kuma ya ci gaba. Haka ake faɗowa ta fuska. Hanya biyu ce. Akwai FreeWheel, taya ɗaya ce babba da ake maƙalawa a matakin ƙafa, ta ɗaga ƙananan nan biyu sama, keken ya koma mai ƙafa uku. Tunda nasa ba na naɗewa ba ne, kai tsaye take kamawa, amma a auna faɗin matakin da tsayinsa daga ƙasa kafin a saya. Sai Wheelblades, 'yan allunan sulu ne, wato na zamewa a kan dusa, da ake ɗaure ƙananan tayoyin a kansu. A kan dusar da ta danƙare ba su da na biyu, sai dai da zarar an hau siminti ko kwalta tsirara gogewa suke yi. Tafiyarku kuwa gauraye ce: wurin ajiye mota, gangara, sannan kogi. Ni dai babbar tayar zan zaɓa muku.

A baya, ku manta da zancen inci, ku karanta lambar da ke jikin tayar. Inci 24 na keken guragu yawanci 540 ne, inci 24 na keken hawa kuwa 507, ba za ta zauna a rim ɗinsa ba. Nan mutane ke asarar kuɗi. Ku nemi taya mai haƙora da aka rubuta wa 540. Wanda kekensa ke da lamba 559 shi ya huta, domin tayar keken hawan dutse mai inci 26 daidai take da shi. Bayan an sa sabuwar taya a kwance notin birki a ja shi gaba kaɗan, don ta fi tsohuwar kauri, in ba haka ba zai riƙa gugar ta. Idan da hali, ku yi wa hunturu tayoyinsa daban da rim ɗinsu, a cire na gida a sa na waje a bakin ƙofa.

Alhaji: Akwai dabarar da ba ta cin kuɗi: a ɗaɗɗaura igiyoyin roba irin na ɗaure wayoyin lantarki a kewayen tayar, tazarar yatsu huɗu-huɗu, kawunansu na kallon waje.

Injiniya: Alhaji a gafarce ni, wannan ta fita ɗaya ce kawai. Robar tana bushewa a tsananin sanyi ta riƙa karyewa, kawunan suna karo da birki, kuma suna yaga safar hannu. Taya mai ƙusoshi ta fi kama ƙanƙara, amma tana kusa da hannun mai turawa kuma tana ɓata daɓen gida, sai a yi hattara.

Abin da ake mantawa shi ne iska. Tayar da aka ba iska psi 100 (ma'aunin ƙarfin iskar taya ke nan) a ɗaki mai ɗumin digiri 20, idan ta jima a waje a digiri 20 ƙasa da sifili za ta koma wajen 84. Ba faci ba ne, iskar ce ta tsuke. A bi adadin da aka rubuta a jikin sabuwar tayar, don mai haƙora ba ta ɗaukar iska kamar siririya. 'Yan tayoyin baya masu hana kifewa su ma suna maƙalewa a dusa. Kada a cire su sai in akwai mai riƙe da keken. Inda dusar ta tara ta wuce idon sawu, a daina turawa gaba, a kishingiɗar da keken a ja shi da baya.

Da an dawo gida a wanke gishirin da ake watsawa a titi da ruwan ɗumi, a goge ya bushe. Shi ne ke cin boris da notuna da tsatsa. Sau ɗaya a wata a ciro ƙananan tayoyin, a share dattin da ya naɗe, a shafa giris kaɗan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. An ce mana mu ari keke mai batir, wai zai fi sauƙi. Haka ne?

Injiniya: Yana da ƙarfi, amma in ya kafe mutum ɗaya ba ya ciro shi. Batir irin na dalma kan rasa kusan rabin ƙarfinsa a digiri 18 ƙasa da sifili, don haka a lissafa rabin tafiyar da aka saba. Na litiyam kuma ba a yi masa caji idan sanyinsa ya kai ƙasa da sifili, lalacewa yake yi. A bar shi ya ɗumama a ɗaki tukuna. A rufe sandar sarrafawa da leda saboda jiƙewa.

Anti Nas: Ƙanwata, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ni ƙafafunsa ne suka fi damuna. Wanda ba ya ji, sanyi zai daskarar masa da yatsu bai sani ba, kuma daga inda raunin yake zuwa ƙasa jiki ba ya daidaita ɗuminsa yadda ya kamata. Hukumar yanayi ta Kanada ta yi gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Irin wannan rana a zauna gida. Fitar farko kada ta wuce minti 20.

A baƙar fata ba a cika ganin jan da ake cewa a duba ba, saboda haka taɓawa za ki yi: wurin da ya yi tauri, ya yi sanyi ƙalau, ya koma toka-toka ko fari. In kin ga haka kada ki murza, kada ki kai shi jikin hita. Ruwan ɗumi digiri 37 zuwa 39, a auna da ma'aunin zafi, sannan asibiti. Kuma don Allah kada a sa masa kwalbar ruwan zafi ko 'yan ƙunshin ɗumama hannu a jikin ƙafa, ƙonewa zai yi bai ji ba.

Safa ta ulu, ba ta auduga ba, don auduga tana riƙe danshi. Takalmi ya fi nasa girma kaɗan, matsewa tana tare jini. Wando mai aljihun baya ko kaurin ɗinki kada ya zauna a kansa, da haka gyambon zama ke farawa. A jibga ɗumin a saman cinya da ƙwauri. Kushin mai iska, irin Roho, yana saki a sanyi, a zura hannu ƙarƙashinsa a tabbatar ƙashi bai taɓa ƙasa ba. Mai ruwa-ruwa kuma tauri yake yi, kada ya kwana a mota.

Malam Mai Gyaran Keke: Sandunan Baba kuwa, a sayi ƙarfen nan mai haƙora biyar da ake ɗaurewa sama da robar ƙasa, mai ɗagawa da saukewa. A duba faɗin sandar, yawanci milimita 19 ne ko 22. Yana ƙara mata tsawo kaɗan, in Baba ya ji kafaɗarsa na ɗagawa a rage rami ɗaya. Da ya shiga gini ya ɗaga haƙoran, don a kan tayil santsinsu ya fi na ƙanƙara. Ya riƙa gajarta taku, yana dasa sandar a tsaye kusa da jiki.

Anti Nas: Idan ya ji daɗin fitar, ku tuntuɓi CADS, ƙungiyar wasannin dusar ƙanƙara ta Kanada, suna koya wa masu buƙata ta musamman sulu a zaune, da kujera a kan allo da 'yan sanduna biyu masu allon sulu a ƙasa. Kafin nan ku nuna wa likitansa na gashin ƙashi sabbin tayoyin, ya duba ko tsayin zamansa ya canza.