Takardar gwajin Baba ta fito kusan duk R ne, don Allah ku ba ni shawara

Maman Aisha, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan Baba yana kwance. Fitsari ya tsaya masa ana gobe bikin ƙanwata, muka kai shi asibiti cikin dare, aka sa masa robar fitsari, daga baya aka yi masa aiki. Ni kaɗai nake jinya. Yayanmu yana Duwala, iyakarsa ya kira ya ce ya jikin tsoho, ko dala bai turo ba, har keken ɗinkina na sayar. Da aka sallame mu jikin ya ƙi daɗi, sai yaron da ke da kantin magani a layinmu ya yi masa allurar seftiriyazon kwana 7, ya haɗa masa da sifro. Yanzu mun koma, an gwada fitsari, takarda ta ce akwai wata ƙwayar cuta, Enterococcus faecium. Ampisilin R, sifro R, har vankomisin R. Likita ya rubuta linezolid, na zaga faramasi uku babu. Ya zan yi?

Hajiya Uwale:
Allah ya ba shi lafiya. Maza kam haka suke, ni ma da Inna ta kwanta a Marwa ƙannena uku ba wanda ya kwana ko sau ɗaya, amma ranar rabon gado su ne a gaba.

Majo mai ritaya:
'Yata, R na nufin maganin ba ya cin ƙwayar. Wannan ƙwaya a hanjin kowa take zaune lafiya lau, sai ta samu ƙofa irin roba ko ɗinkin aiki ta shiga inda ba gidanta ba. Seftiriyazon kuwa tun asali ba ya taɓa ta. Abin da kuka yi shi ne kun share mata sauran ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da ita, ta baje ita kaɗai. Ba ki faɗi abin da ya fi muhimmanci ba: yana zazzaɓi? Robar tana jikinsa har yanzu?

Maman Aisha:
Baba Majo, ai ba da gangan muka yi ba. Yaron ya daɗe yana yi wa unguwa allura, kuma lokacin ko kuɗin moto ba ni da shi. Da ka ga halin da nake ciki ba za ka ce haka ba.

Ɗan Yalwa:
Ki kai shi Yola kawai, can akwai magani iri-iri kuma naira ta faɗi, da sauƙi. Ko ki ba direba sunan ya sayo miki.

Majo mai ritaya:
Kul! Linezolid ba na saye a hannun direba ba ne. Yana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, musamman in an wuce mako 2, dole a riƙa gwada jini. Kuma yana cikin 'yan magungunan da suka rage masu cin wannan ƙwaya. Tun 1988 aka ba da labarin wannan ƙwaya ta gagari vankomisin a Ingila da Faransa, a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin waɗanda ake neman musu sabon magani ido rufe. Sau da yawa in ba zazzaɓi ba ciwo, ga mai roba a jiki, canza robar ko cire ta shi ne aikin. In a mafitsara kawai take, ki tambayi likita ko an gwada nitrofurantoyin ko fosfomisin. In ta shiga jini kuwa, wannan wata magana ce. Ki riƙa wanke hannu da sabulu duk kin taɓa jakar fitsarin, ƙwayar tana makonni a jikin ƙarfen gado.

Malam Sale:
Duk wannan faransanci ne. Zuma da habbatus sauda, safe da yamma. Kawuna likitoci sun sallama shi, ga shi nan yana noma a Gidar.

Hajiya Uwale:
Malam, kawunka da roba yake noman?

Maman Aisha:
Na gode duka. Zumar dama muna ba shi. Robar ban so a taɓa ba, ranar da aka sa ta sai da ya yi kuka, ba zan iya sake gani ba. Likitan ma ba ya tsayawa a yi masa tambaya. Ɗan Yalwa, nawa ne kuɗin mota zuwa Yola yanzu?

Majo mai ritaya:
Har yanzu ba ki ce min yana zazzaɓi ko ba ya yi ba.