Na haɗa kafofi biyu na AP da LACP, amma gudu bai ƙaru ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A wurin aikinmu muna da na'urorin raba Wi-Fi, wato AP, kowace da kafar kebul biyu masu 1 Gbps. Na ja kebul biyu zuwa suwici (na'urar da ke haɗa kebul-kebul na netwok), na kunna LACP, wato tsarin haɗe kafofi biyu su yi aiki kamar ɗaya, a ɓangarorin biyu, haɗin ya tashi lafiya ƙalau. Da na gwada da iperf3, manhajar auna gudu, daga laftof ɗina, ko 1 Gbps ban kai ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, kafa ɗaya ke ɗaukar kusan duk kayan, ɗayar tana zaman banza. Duk AP ɗin suna ƙarƙashin kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa su daga wuri guda. Ina na kuskure?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, gwajin naka ne da gyara. LACP ba ya tsaga hira ɗaya, wato musayar bayanai tsakanin na'urori biyu, gida biyu. Suwici yana duba adireshin MAC ko IP na mai aikawa da mai karɓa, ya yi lissafinsa, ya ɗora hirar kan kebul ɗaya har ta ƙare, don kada fakitoci su iso a hargitse. Sai masu amfani sun yi yawa ake ganin amfaninsa. Ga kuma laftof ɗin: mai eriya biyu a Wi-Fi 6 da faɗin 80 MHz iyakarsa 1201 Mbps a takarda, a aikace bai kai haka ba.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma ni kalmar kwantirola ce ta tsaya mini. In bututu (tunnel) kake amfani da shi daga AP zuwa kwantirola, ko mutum ɗari suka hau AP ɗin, duk bayanansu a naɗe suke cikin CAPWAP ko GRE (tsare-tsaren yin bututun ke nan), daga IP ɗaya zuwa IP ɗaya. A idon suwici hira ɗaya ce tak. Na taɓa kwana biyu ina canja tsarin rabon kaya a suwici kafin na gane haka. Ko dai ka bar AP ya sauke bayanai kai tsaye kan VLAN (ɓangaren netwok da aka keɓe a suwici), ko ka duba littafin kamfanin. Aruba, alal misali, suna ba kwantirola IP na biyu don a raba bututun GRE.

Amsa ta uku: Duba wuta ma. Wasu AP kan rufe kafa ta biyu in PoE, wato wutar da suke samu ta kebul ɗin netwok, bai ishe su ba, musamman ƙa'idar 802.3af mai 15.4W. Ni kam da ni ne, in kafar AP ɗin tana ɗaukar 2.5 Gbps, suwici mai 802.3bz, ƙa'idar da ke ba da wannan gudun, zan nema. Kebul ɗin Cat5e ɗaya ya isa har mita 100, ba ciwon kai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, wuta 802.3at ce, wadda ta fi 802.3af ƙarfi, amma bututu ne kamar yadda ɗan uwa na biyu ya faɗa. Gobe zan mayar da SSID ɗaya, wato sunan Wi-Fi ɗaya, kan VLAN, in gwada da laftof huɗu lokaci guda.