Me ke sa wanda aka gyara wa hanci ya ƙi gamsuwa?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka da bayani. Mutum a yi masa tiyatar gyaran hanci, kowa ya ce ya yi kyau, amma wata shida bai cika ba ya koma neman a sake. Laifin likita ne, ko abin a zuciya yake?

Ɗan Barnawa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kumburin hanci kan kai shekara kafin ya sauka duka, don haka wata shida ya yi wuri. In kuwa aikin ya yi kyau, sai a duba lalurar da likitoci ke kira BDD: mutum ya ƙwallafa rai a kan wani aibi da wasu ba sa gani, ko suke ganin bai taka kara ya karya ba. Kusan mutum 2 cikin 100 ke da ita, a cikin masu neman tiyatar kwalliya kuwa ta ninka haka sosai. Alamunta: fiye da awa 1 kullum yana tunanin wurin, yawan duba madubi, ƙin hoto, fasa zuwa biki ko makaranta.

Anti Malama:
Yawanci tana farawa ne wajen shekara 12 zuwa 13. Yaron da aka riƙa yi wa laƙabi da hancinsa, ko yarinyar da kullum ake cewa ƙanwarta ta fi ta haske, ko wanda aka ci zarafinsa, yakan ɗauka siffarsa ce ta jawo masa. Tiyata ba ta taɓa wannan tunanin, shi ya sa damuwar ke komawa haɓa ko fata. Wasu masu bilicin ma nan matsalarsu take. Amma fa ba duk mai son gyara ne ke da wannan tarihin ba.

Ɗan Barnawa:
Haka ne, Anti. A Ostareliya tun 2023 dole a tantance BDD, a kuma jira kwana 7 kafin a yi tiyatar kwalliya. Hajiya, a dakatar da tiyata ta biyu, a ga likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato. Ana haɗa zaman tattaunawa na CBT (koyon sauya tunani da ɗabi'a), inda ake rage duba madubi sannu a hankali, da magani irin fluoxetine na mako 12 zuwa 16 kafin a ce bai yi ba. Kuskure ne barin maganin da wuri. A daina ce masa “ai kana da kyau”, sauƙin ba ya daɗewa, sai ya sake tambaya. In ya ambaci kashe kansa, asibiti a ranar.