Yaushe zan zuba kifi bayan haɗa matatar ruwa mai gwangwani?

Tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na sayi akwatin kifi na gilashi mai lita 200 da matata mai gwangwani, irin wadda ake ajiyewa a ƙarƙashinsa. Yaya ake jera kayan cikinta, kuma yaushe zan zuba kifi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka sa soso mai manyan ramuka inda ruwa ke fara shiga, sai mai ƙananan ramuka, sannan zobban tangaran. Ka cika gwangwanin da ruwa kafin ka kunna, domin injin yana lalacewa idan ya juya a bushe.

Amsa ta biyu:
Kada ka yi gaggawar zuba kifi. Kashinsu yana haifar da amoniya, sinadari mai guba ga kifi, kuma sai bakteriya masu amfani sun zauna a zobban nan suna mayar da ita naitirait, shi ma mai guba, daga nan naitiret, mai ƙarancin guba, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ka riƙa jefa ɗan abincin kifi a akwatin tun babu kifi, domin ya ruɓe ya samar wa bakteriyar amoniya, kana gwada ruwan har amoniya da naitirait su koma sifili, sannan ka zuba kifi. Kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe bakteriyar, don haka da ruwan akwatin ake wanke soso.

Amsa ta uku:
Idan aka ɗauke wuta na sa'o'i da yawa, bakteriyar sukan mutu saboda rashin iska. Ka zubar da ruwan gwangwanin kafin ka sake kunnawa, ko ka haɗa matatar da inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir.